Yadda Ake Rarrabe Masu Suna Ɗaya a Tarihin Gidan Malamai

A gidan malamai suna ba ya kwana a ƙasa. Liman ya rasu, kafin shekara ta zagayo an haifi jika an mayar masa da sunan. Ƙanen liman da ke zaune Tsibiri shi ma an yi masa haihuwa ya sa sunan, almajirin da ya yi sauka a hannunsa haka. Bayan shekara sittin ko saba'in sai ka ji 'yan gidan suna ba da labarin wani Malam Usman wanda ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa zamanin Sarki Ɗan Baskore, kuma wai shi ne dai ya hau jirgi ya tafi Makka zamanin shugaba Seyni Kunce. Mutum uku ne ko huɗu aka cure wuri ɗaya, ba da gangan ba.

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa rubuta tarihin gidansu ne, ko a Limanci yake cikin birnin Maraɗi, ko a Madarunfa, ko Jiratawa, ko wani ƙauye na gefen gulbi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne: suna shi kaɗai ba ya tabbatar da mutum. Abin da ke tabbatar da shi uku ne, uwar da ta haife shi, zamanin da ya rayu, da wurin da ya zauna. Duk aikin da ke ƙasa neman waɗannan ukun ne.

Kayan aiki

Ka nemi kaye biyu, wato littafin rubutu. Ɗaya na fita, wanda za ka rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗa, ɗaya na gida, wanda ba ya ɗaukar komai sai abin da ka tace. Ka yi aiki da fensir da abin gogewa, bik sai ranar da aka gama. Ka yanka kwali ko takarda mai kauri ƙanana-ƙanana kamar tafin hannu, ɗari ko fiye, domin su ne ƙashin bayan aikin. Sai babbar takarda ta zana salsala. In ba ka samu ba, ka farke buhun siminti na takarda, ka kakkaɓe, ka yi amfani da falle na tsakiya, yana da faɗi kuma yana jure ninki.

Wayar hannu mai ɗaukar murya da hoto tana rage wahala ƙwarai, sai dai ka tabbata da caji kafin ka shiga ƙauye. In babu ita, ka tafi da yaro mai saurin rubutu, kai kana tambaya shi yana rubutawa. In ba ka karanta Larabci da ajami, ka nemi wanda ya iya tun yanzu, kuma ya fi kyau ya zama wanda ya saba da rubutun warash na mutanen da, domin ɗan Islamiyya da ya tashi da bugun inji sau da yawa yakan tsaya cik a gaban tsohon hannu. Kada ka manta da goro, da sukari ko sabulu na tsofaffi mata. Ba sayen magana ba ne, ladabin shiga gida ne.

Mataki na 1: Nemi izini, ka kuma tsayar da tambayarka

Ka fara da babban gida, wanda ke riƙe da limanci ko makaranta yanzu. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka ce, "Allah gafarta Malam, ina son in rubuta sunayen iyaye da kakanni don kada su ɓace wa yara." Ka faɗa a fili cewa ba maganar gado ko gona ta kawo ka ba. Wannan kalma ɗaya ita ke buɗe gafaka. In mutane suka yi zaton wata shari'a kake shiryawa, kowa zai ba ka salsalar da ta fi masa amfani.

Sannan ka rubuta tambayarka a shafin farko, gajeriya: "Malam Usman nawa ne a gidan nan, kuma wane ne ya yi me?" Ka ɗauki suna ɗaya ka gama da shi kafin ka taɓa na biyu.

Mataki na 2: Tattara duk sunayen da mutum ɗaya ke amsawa

Ruɗanin kashi biyu ne. Akwai mutane da yawa masu suna ɗaya, akwai kuma mutum ɗaya mai sunaye da yawa. Wanda ya kula da na farko ya manta na biyu zai raba mutum guda gida uku ya ƙara wa zuriya kakannin da ba a taɓa haifa ba.

Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Bube. Usman shi ne Shehu, shi ne Mani. Umaru shi ne Sanda ko Faruku, Musa shi ne Kalla, Ibrahim shi ne Iro ko Ibro, Yusufu shi ne Isuhu. Sai waɗanda aka sa wa Muhammadu, su ne suka fi yawa a gidan malamai, har uba ɗaya yakan sa wa 'ya'yansa maza biyar ko shida sunan, a riƙa bambanta su da Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. A baki Sani ne da Rabi'u, a rubuce kuwa kowannensu "Muhammad bin wane" ne. Gargaɗi a nan: jerin ba kullum yake bin lissafi ba. Yau ana sa wa yaro Rabi'u don takwara ko don sunan ya yi wa uban daɗi, ba don shi ne Muhammadu na huɗu ba. Ga mutanen da ma ka tambaya, kada ka ƙirga da kanka.

Yaron da aka sa wa sunan kakansa kuma ba a kiransa da sunan, saboda iyayensa ba za su iya kama sunan mahaifinsu ba. Sai ya tashi da Abba, ko Baba, ko Malam Ƙarami, har ya tsufa wasu ba su san sunansa na yanka ba. Duk inda ka ji irin wannan laƙabi, ka san akwai wani babba mai sunan a sama, ka neme shi.

Akwai laƙabin da ke ba ka labari kyauta. Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, Audi an haife shi bayan uban ya rasu, Abarshi an sha rasa 'ya'ya kafin shi, Ɗan Azumi a watan azumi ya zo. In Usman ɗaya Gambo ne, ɗayan kuwa ɗan fari ne, ka riga ka raba su ba tare da takarda ba.

Mataki na 3: Kowane ambato da katinsa

A nan masu farawa suka fi tuntuɓe. Sukan buɗe shafi su rubuta "Malam Usman" a sama, duk abin da suka ji game da mai wannan suna su zuba a ƙarƙashi. Daga ranar an gama haɗa mutanen, raba su kuma sai Allah.

Kai ga yadda za ka yi. Duk lokacin da aka ambaci sunan, a baki ko a takarda, ka ɗauki sabon kati. Ka rubuta sunan daidai yadda aka faɗe shi, abin da aka ce ya yi, wanda ya faɗa maka, da yadda shi mai faɗar ya sani: ya gani da idonsa ne, ko ji ya yi, kuma daga wa. In tsohuwa ɗaya ta ba ka labari huɗu na Malam Usman, kati huɗu ke nan, ko da ta rantse mutum ɗaya ne. Ka sa wa kowane kati lamba, ka rubuta lambar a gefen shafin kayen fita inda maganar take. Haɗa katuna abu ne mai sauƙi daga baya.

Mataki na 4: Zauna da tsofaffi, musamman mata

Maza sun san jerin limamai da wanda ya karantar da wa. Mata sun san ɗakuna. Gwaggo ko kaka ita ce za ta gaya maka malam ya yi mata nawa, wacce ta fita, wacce ta zo da agola, wane yaro ne na ciki wane ne ɗan riƙo, wa ya sha nonon wa. Salsalar da maza ke haddacewa uba da ɗa ce kawai, kuma a cikinta Usman ɗan Abubakar biyu ba su da bambanci. Da ka ce "ɗan wace ce?" sai su rabu. Shi ya sa a kowane kati nake barin gurbin sunan uwa da garinsu, kuma ba na ɗaukar mutum ya tabbata sai gurbin ya cika.

Ka ga kowane tsoho shi kaɗai. In ka tara su, babban cikinsu zai yi magana, sauran su ce "haka ne," ka tashi da shaida ɗaya kana zaton biyar gare ka. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, kada ka wuce awa guda, ka sake dawowa wata rana.

Ka san da kunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba ko ya shekara talatin da rasuwa, sai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan." Ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, ko na surukinta. In mijin da surukin duk Malam ne a bakinta, ka ga inda ruɗani yake shigowa. Kada ka matsa mata. Ka ce, "Inna, Malam baban su wane, ko Malam kakansu?" Ko kai ka faɗi sunan ita ta ɗaga kai. Dabarar da ta fi duka ita ce ka tafi da jikanta, saboda tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da za ta ɓoye maka za ta faɗa masa tana zaginsa.

Kada ka sa wa mutum amsa a baki. In ka ce, "Ai shi ne wanda ya yi karatu Zariya ko?" za a ce maka i don a girmama ka. Ka ce, "Ina ya yi karatu?" ka yi shiru. Ka tambayi abin da ido ke gani: dogo ne ko gajere, yana da gemu fari ko baƙi lokacin da kika san shi, a wane zaure yake zama, wa ya yi masa wanka, ina aka rufe shi. Mutum yakan rikita suna, da wuya ya rikita kamannin wanda ya taɓa ba shi dabino yana yaro.

Kalmar "ɗa" ma ka bi ta a hankali. Ɗan wa, ɗan ƙane, ɗan riƙo, almajirin da ya girma a gidan har aka ba shi 'ya, duk 'ya'yan Malam ne a bakin mutane. Tambayar ita ce, "Shi ya haife shi, ko riƙonsa ya yi?" Ka yi ta da murya ƙasa, ba a gaban 'ya'yan mutumin ba.

In tsofaffin gidan sun ƙare, ka nemi 'ya'ya mata da aka aurar wasu garuruwa, da tsofaffin almajirai, da gidan wanzamin da ke yi wa gidan aski da kaciya, da gidan ladan. Reshen da ya ƙaura Jibiya ko Katsina ko Kano sau da yawa ya fi na gida riƙe tsohon jeri, domin su jerin ya tsaya musu a ranar da suka tashi, sababbin takwarori ba su shiga sun dagula shi ba.

Mataki na 5: Kafa turakun zamani

Tsoho ba zai ba ka shekara ba, amma zai ba ka abin da ya faru. Ka rubuta waɗannan a bangon kayenka, ka riƙa ɗaure kowane labari a jikin ɗaya.

Mu a Maraɗi babban turke shi ne ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari a cikin fadama har aka tashi aka hau tudu. Duk wanda za ka tambaya a kansa, ka fara da, "A tsohon gari ya rasu, ko ya hau tudu?" Wannan tambaya kaɗai tana raba kaka da jika a gidaje da yawa. Kafin ita akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Bayanta akwai zaɓen i ko a'a na 1958, samun mulkin kai a 1960, farin 1973 da juyin mulkin da ya kawo Seyni Kunce a watan Afrilun 1974, yunwar 1984 da mutanenmu ke kira El Buhari, rasuwar Kunce a 1987, da karyewar darajar sefa a farkon 1994. Zamanin sarakuna ma turke ne: in an ce Sarki Buzu ne ya naɗa shi, ka san ba mutumin zamanin Ɗan Baskore ba ne. Gidajen da suka ce kakansu ya zo tare da Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, suna maganar farkon ƙarni na 19 ne, zamanin Ɗan Kasawa. In jerin da aka ba ka daga wannan kaka zuwa kai mutum huɗu ne kawai, akwai waɗanda suka faɗi a hanya, kuma galibi masu suna ɗaya ne aka haɗe.

Ka haɗa turken da jikin mai magana: "Lokacin ruwan, an yi miki aure?" "Kina goyon wa?" Daga nan kake samun shekarunta, daga shekarunta kake gane wanda za ta iya gani da ido da wanda labarinsa kawai ta ji.

Mataki na 6: Buɗe gafaka

Ka wanke hannu ka bushe shi, ka shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa inda babu iska. Takardun da ba ɗinki gare su ba, in suka hautsine mayar da su aiki ne. Ka ɗauki hoton kowane falle a inda ka same shi kafin ka ɗaga.

Wuri uku za ka duba. Ƙarshen littafi, inda mai rubutu yakan ce ya kammala da hannun wane ɗan wane, wani lokaci da rana da wata. Falle na farko, inda ake rubuta mai littafin. Sai gefe-gefe da fallayen da ba komai, inda malamai ke rubuta haihuwa da rasuwa: an haifi wane ranar Alhamis, kaza ga Rajab. Wasiƙu, ijazar karatu ko ta ɗariƙa, da takardar rabon gado duk ka ɗauki hotonsu. Ta rabon gado ta fi kowace daraja, saboda tana jera matan mamaci da 'ya'yansa a rana ɗaya, kuma ba a wasa da ita.

In ka sami shekarar Hijira, ga lissafin mayar da ita: ka raba ta da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1364 a raba da 33 ya ba da 41, a cire ya rage 1323, a ƙara 622 ya zama 1945. Kuskuren ba ya wuce shekara guda. In rana da wata kawai aka rubuta babu shekara, kalandar waya za ta nuna maka shekarun da wannan kwanan wata ya faɗo a wannan rana, ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata.

Wani lokaci shekarar da haruffa ake rubuta ta, wato ramzi. A nan ka kiyaye: malamanmu lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A wurinsu ش dubu ne, س ɗari uku, ص sittin, ض casa'in. Haruffan ش س ص د a lissafinmu 1364 ne. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai sami 454, ya ce maka littafin ya kusa shekara dubu.

Kuskure biyu kuma. Na ɗaya, mai kwafe littafi yakan kwafe har da sunan marubucin farko da shekararsa, saboda haka shekarar da ke ƙarshe ba lalle ta zama ta takardar da ke hannunka ba. Ka duba takardar kanta. Ka ɗaga ta a haske: tsohuwar takardar da fatake ke kawowa takan nuna tambarin jinjirin wata uku a jikinta. In kuwa an yi rubutun da bik, to bai riga 1950 ba, kome aka rubuta a ƙasa. Na biyu, "bin wane" a Larabcin malamai yakan tsallake uba ya kama kakan da ya fi shahara.

Ka jera rubuce-rubucen da ke ɗauke da sunan gefe da gefe ka dubi hannun. Yadda mutum ke jan wutsiyar harafi da yadda yake ɗora wasali ba ya canzawa sosai. Hannu biyu mabambanta da suna ɗaya alama ce mai ƙarfi, amma alama ce kawai, domin malami yakan sa almajiri ya rubuta masa.

Mataki na 7: Takardun boko

Katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, katin iyali na biyan lanho (haraji), fasfo na hajji, takardar fili, takardar shiga lekol. Suna da amfani, amma kada hatimi ya ruɗe ka. Yawancin tsofaffinmu "né vers" aka rubuta musu, wato an kintata shekarar ne, kuma akan rage wa yaro shekaru don ya shiga lekol, ko a ƙara. Ka ɗauki shekarar da sararin biyar gaba, biyar baya. Rubutun sunan ma yadda ya zo wa magatakarda ne: Mahamane, Maman, Mahamadou da Mohamed na iya zama mutum ɗaya, haka Aboubacar, Boubacar da Garba. Suna na biyu a takardunmu na uba ne, amma yaron da ya tashi hannun baffansa sau da yawa sunan baffan aka rubuta masa.

In takardun gida sun ɓace, ka gwada ma'aikatar magajin gari da fadar sarki ko ta hakimin yankinku. Na zamanin Turawa wasu suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, kuma ka tuna akwai lokacin da mazaunin kumandan yake Tasawa, ba Maraɗi ba. Tsofaffin littattafan Larabci da ajami kuwa akwai sashensu a cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai. In gidan da kake bincike na fasto ne, kamar waɗanda ke Tsibiri ko Danja, hanyar duk ɗaya ce, sai dai rajistar baftisma da ta aure ta coci ita ke tsayawa a matsayin gafaka.

Mataki na 8: Baza katuna ka yi lissafi

Yanzu ka shimfiɗa katunan duka. Ka jera su bisa zamani, na da a sama. Ƙa'idar da nake bi ita ce: kati biyu ba sa haɗuwa sai sun yi tarayya a abu biyu bayan suna, kamar uwa da unguwa, ko mata da shekarar rasuwa. Saɓani ɗaya tabbatacce kuwa ya isa ya raba su. Shaida biyu da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Mu ɗauki misali. Kati na farko: littafi da hannun Usman bin Abubakar, shekara ta 1280, wato wajen 1863. Na biyu: Liman Usman ɗan Abubakar ne ya ja salla shekarar da aka hau tudu. Na uku: Malam Mani ya yi hajji shekarar da Kunce ya hau, katinsa na ɗan ƙasa ya ce Ousmane Garba, né vers 1915. Wanda ya iya kwafe littafi a 1863 ya kai shekara ashirin ko kusa, to a 1945 ya haura ɗari. Na farko ya fita. Na biyu da na uku fa? Lissafi bai hana su zama ɗaya ba, mai shekara talatin yana iya limanci. Sai ka koma wurin tsohuwa. In ta ce liman na shekarar ruwa farin gemu gare shi, kuma ya rasu kafin mulkin kai, uwarsa Bagobira ce daga Tsibiri, shi kuwa Mani uwarsa 'yar Madarunfa ce, to Usman uku ke nan. Kuma ka lura da abin da ya ɓullo: kowannensu ɗan Abubakar ne. Da wuya uba ɗaya ya sa wa 'ya'yansa biyu rayayyu Usman, saboda haka Abubakar ɗin ma ba ɗaya ba ne. Tambayarka ta gaba ke nan.

Wajen lissafi ka bar aƙalla shekara goma sha shida tsakanin uba da ɗa, amma kada ka sa iyaka ta sama da gaggawa. Malami mai mata huɗu yakan haihu yana da shekara saba'in, autansa ya zo bayan jikokinsa, baffa ya zama ƙanen ɗan wansa a shekaru. Iyakar da ba ta motsi ta uwa ce: in tsakanin ɗan fari da auta na mace ɗaya ya haura shekara talatin da 'yan kai, mata biyu ne, wataƙila su ma masu suna ɗaya. Ka tuna kuma akan mayar da sunan yaron da ya rasu ga ƙanensa, sai ka ga haihuwar Usman sau biyu a gefen littafi ɗaya.

Katin da ya ƙi shiga ko'ina ka bar shi gefe da alamar tambaya. Kada ka tura shi wurin wanda ya fi shahara don a huta.

Mataki na 9: Raba muƙami da mutum

Liman, Na'ibi, Alƙali, Muƙaddami, Alaramma, duk kujeru ne, mutane ke wucewa ta kansu. "Liman ne ya gina masallacin" ba ta gaya maka wane liman. Ka yi jeri dabam na waɗanda suka riƙe muƙamin, kowanne da wanda ya gada da wanda ya gaje shi, ka bambanta limancin Juma'a da na unguwa. Limanci ba kullum yake sauka daga uba zuwa ɗa ba, yakan bi ta ƙane, ko ɗan wa, ko suruki. Wanda ya mayar da jerin limamai salsalar haihuwa zai mayar da wa uban ƙanensa. Haka salsalar karatu da ta ɗariƙa, sarƙar malami da ɗalibi ce, ka ajiye ta a shafinta.

Labaran karama da na addu'ar da ta ci su suka fi gudu zuwa wurin kakan da ya fi suna. Ba aikinka ba ne ka gaskata ko ka ƙaryata. Ka rubuta wanda ya faɗa, ka dubi abin da ke cikin labarin: in akwai mota ko kumandan a ciki, ba na mutumin 1863 ba ne.

Mataki na 10: Rubuta, ka karanta wa masu gida

A kan babbar takarda ka zana kowane namiji da matansa a jere, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta. Ɗan riƙo da agola ka haɗa su da layi mai ɗigo-ɗigo. Kowane mai suna ɗaya ka ba shi abin rarrabewa da zai bi shi ko'ina a rubutun, kuma ka ɗauko shi daga abin da mutane suka riga suka sani: Usman Mai Littafi, Usman Liman, Usman Mani. Na fi son wannan da "na ɗaya, na biyu," saboda gobe in ka gano wani a tsakani lambobin duk sun rushe. A gaban kowace magana ka sa alama ɗaya cikin uku: tabbas, rinjaye, ko ana faɗa. Ka rubuta lambar katin da ta fito.

Kafin ka buga ko ka tura a WhatsApp na dangi, ka koma wurin babban gida da tsofaffin da suka ba ka labari ka karanta musu da baki, a hankali. Za su gyara maka abin da ba su tuna ba sai da suka ji shi a jere. In bincikenka ya nuna wani reshe ba daga liman na farko ya fito ba, daga ƙanensa ne ko almajirinsa, kada su fara jin haka a taron suna. Ka sami babbansu shi kaɗai, ka nuna masa katunan, ka ji ta bakinsa. In ya kawo hujja ka gyara. In bai kawo ba kuma bai yarda ba, ka rubuta riwayar biyu kowace da mai ita, ka faɗi wadda ka rinjayar da dalilinka. Maganar da ta shafi asalin uwa, kamar wadda aka ce ƙwarƙwara ce, ka bar ta a kayen gida sai masu ita sun yarda a fitar.

Ka yi kwafi uku, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin babbar mace ta gidan, ɗaya hannunka. Hotunan da muryoyin ka sauke su daga waya zuwa wani wuri na biyu. Katunan ka ɗaure su da zare kashi-kashi, ka sa a leda, ka ajiye sama inda gara da damina ba sa kaiwa, ka rubuta kwanan watan da ka tsaya a bayan babbar takardar, ka bar fili a ƙasanta domin waɗanda za a haifa.